Kunama a Cikin Kwalla

Kafin ladanin Bilbis ya gyara murya
Arzika ya riga ya tashi.
Ina jin tarinsa, sau biyu, kullum sau biyu,
sai ƙarar buta, sai takalmi na jan ƙasa.

In ya dawo daga masallaci ba ya tambayar kunu.
Sai ya ɗaga katifa, ya jawo tsohuwar nan
da ke naɗe cikin rawanin ubansa,
ya zauna gindin dogonyaro,
ya aza ta bisa cinya
kamar jinjirar da aka gama wa wanka.
Tsumma, gashin zabo,
da man keken ɗinkina
wanda ni ke saye dala ɗari, shi ke ƙarar da shi.

Shekara ashirin da uku ba ta yi tari ba.
Barewa ta ƙare a hanyar Tabalak,
zabin daji sun bi sawunta,
kwarin da yake kwanto a da
yau albasa ce, kore shar, har bakin kwalta.
Ƙurar da ba ta sauka ba
ita yake gogewa.

Da hantsi ya naɗe ta, ya ɗauki sanda,
sai fada, bakin garejin Nomau,
inda shayi ke dahuwa sau uku,
gardama kuwa ba ta taɓa nuna ba.
Tankari, tsohon jandarma, ya ce ta Nasara ta fi.
Algabit ya ce ƙirar maƙerin garinsu
ba ta taɓa ba shi kunya ba
sai ranar da ta cinye masa yatsa,
ya ɗaga hannun, saura huɗu, a kwashe da dariya.
Jiya ma an yi wannan dariyar.
Suna da wani littafi mai hotuna, bango ya fita,
Faransancinsa Tankari kaɗai ke iya tauna shi.
Su lashi yatsa, su juya shafi:
kai, da na sami wannan ina saurayi!

Azahar ya shigo, gemu na ƙamshin na'ana'a,
ya kwashe duka ya zube mini,
ni ina tsintar shinkafa ina cewa to.
Na san mai baki biyu, na san harbi-ka-ruga,
na san wadda ke shurin kafaɗa kamar jaki.
Sau ɗaya tak na taɓa riƙe bindiga.

Daminar da Illa ya shekara bakwai ne.
Na shigo da tulu a ka,
na iske ya jawo ta, da ƙyar yake ɗaga bakinta,
ya auna ƙanwarsa, su biyu suna ta dariya.
Tulun bai fashe ba. Ban san yadda na sauke shi ba.
Daren nan, Arzika na minshari,
na ɗauko ƙaramin ƙarfen da nake kwance keke da shi,
na cire mata kunama.
Tana cikin kwallata har gobe,
tsakanin 'yan kunnen uwata da takardar gida.

Ya sani mana.
Hannun da ke shafa abu kowace asuba
ya kasa jin gurbi?
Ina ganin yatsansa na zuwa wurin ya tsaya,
kamar harshe a giɓin haƙori,
sannan ya wuce.
Bai tambaya ba, ban faɗa ba.
A fada har yau cewa yake tata ta fi ta kowa saiti.

Shekaranjiya ɗan Illa ya tsuguna gabansa:
Kaka, tana harbi?
Ya dube ni ta cikin hayaƙin murhu, ya daɗe.
Tana hutawa, ya ce da yaron,
riƙe mini tsumman nan.

Sai ya girgiza kwalbar kusa da kunne.
Zali, man nan ya kusa ƙarewa.

Na ce na gani.
Lahadi kasuwa, zan sayo.