Muryar Baba

A rumfar kwano, bakin titin Gujungu,
nake da teburi da kwamfuta mai ƙeya,
gwanjon ofishin gona ce, ta sha duniya,
in na kunna ta sai ta yi nishin tunkiya.

Ina buga takardar fili da katin suna,
sola a kan rufi, batir a ƙarƙashin benci,
da 'yan lasifika biyu kamar gwangwanin madara.
Ta hagu ta mutu tun bara,
ta bar ni da guda ɗaya.

Ita ma ɗayar tsaki ne sana'arta,
shuuu, kamar an zuba ruwa a kaskon suya.
A cikin wannan shuuu ɗin Babanmu yake,
minti goma sha ɗaya na hira
da Yaya Iliya ya ɗauka a kaset
shekarar da aka haƙa mana rijiya.

Baba ya kwanta dama, kaset ya tsinke,
amma na riga na kwashe shi a kwamfuta.
Nakan kunna in kasa kunne,
in tsinci kalma nan, in rasa uku can,
kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama roro,
rabi ƙasa, rabi ɓawo, kaɗan ne ƙwaya.

Da riɗi ya yi kuɗi na sai da tiya ashirin,
na hau motar Kano da sassafe.
Wani yaro Nafi'u, mai shago a ƙarƙashin bene,
ya ce, "Malam, kar kyalli ya ruɗe ka,
ɗaga ka ji. Mai nauyi ita ke da ciki."
Na ɗauki masu akwatin katako,
da babbar da ake ajewa ƙasa,
na rungumo su a cinya har gida
kamar mai dawowa da jinjiri daga asibiti,
ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali a hanya.

Ramin kore, in ji Nafi'u, ba ja ba.
Na soka. Sai gurnani, kamar ƙudan zuma a tulu.
Na raba wayarsu da wayar caji, ya ragu.
Teburi na karkarwa, na ninka buhu na shimfiɗa.
Na janye su daga jikin kwano,
ɗaya dama, ɗaya hagu, daidai kunne,
na ja kujera na zauna a tsakiya.

Sai ga Baba.
Har gyaran muryar da yake kafin ya ce "to".
Ga zakara a bayansa, ga guga na bugun bakin rijiya,
kuma abin nan na minti bakwai
da na ɗauka lalacewar kaset ce,
ashe luguden Inna ne, tana daka tana dariya.
Can ƙasa wani yaro na tsala kuka,
Baba ya ce, "Ku ɗauki Barau mana."
Ni ne Barau.
Na kashe, na fita, na tsaya a gindin tsamiya.

Da la'asar na ɗauko Inna a babur.
Kunnenta ya yi nauyi, sai ta ɗora tafinta
a kan babbar, inda katako ke motsi,
ta yi shiru, tana jin sa ta hannu.
Baba na cewa, "Bana dawa dami sittin muka samu."
Inna ta ɗago, ta harari akwatin,
ta ce, "Arba'in da biyu ne.
Mutumin nan har yau bai daina ƙari ba."
Ta goge ido da bakin mayafi,
ta ce, "Mai da shi baya."