Lissafin Turke

A Adumri na saye shi, rana tsaka,
ɗan Gudale mai wata goma sha huɗu.
Daga bakin zaure ana ƙirga haƙarƙarinsa.
Larai ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "Sa ne wannan, ko alkawarin sa?"

Na kafa turke gindin darbejiya,
na jibge masa karan masakwa
har tulin ya leƙa gidan maƙwabta.
Ya ci, ya ci, ciki ya zama ganga.
Dare ya raba yana tuƙa,
ni ma ina kan tabarma ina tuƙa riba.

Kwana talatin.
Hamajoda malamin dabbobi ya jingine babur,
ya zaro igiyar awo daga aljihu,
ya zagaya ƙirjin, ya matse, ya duba,
ya goge ido ya sake dubawa.
Inda ta tsaya wancan wata
nan ta tsaya yau, ba ta ƙara ko yatsa ba.

Na ce, "Ai bai taɓa kwana da yunwa ba."
Ya ce, "Ƙoshi daban, gini daban, Baba Tanimu.
Jiki mai karɓar haraji ne.
Kafin tsoka ta ga ko dala
numfashi ya cire nasa,
zuciya ta cire nata,
tsayuwa ma ba kyauta ba ce.
Ga zafin Pitowa na watan huɗu,
kowane haki sai an biya.
Ga zuwa kogi da dawowa,
ga kaska, ga tsutsar ciki,
masu zuwa walima ba gayyata.
Abin da ya saura bayan an sallami kowa
shi ne ke hawa gadon baya.
Karanka ya biya bashi. Bai bar canji ba."

Na yi shiru.
Shekara ashirin ina kamfanin auduga a Garwa
ina share angurya da tsintsiya,
ashe nama nake sharewa.

Na ranto, na sayo tunkuzarta buhu biyu,
da dusar masara don ƙarfi,
da harawar wake mai sauran kore,
da kanwar da Kotoko ke kawowa daga Tafki.
Sallau ya tsinto 'ya'yan gawo cikin riga.
Hamajoda ya ce, "Tafi ɗaya yau, biyu jibi.
Tumbi ba ya son baƙo mai gaggawa."

Da asuba nake zuba masa, kafin ƙasa ta ɗau wuta,
sai kuma bayan la'asar ta yi sanyi.
Kogi ya daina ganinsa.
Ruwa ne yanzu ke zuwa wurinsa,
bokiti huɗu, a kan Sallau.

Wata ya kama, wata ya mutu.
Gashi ya kwanta, ya soma ƙyalli.
Tozo ya miƙe kamar tulu a kan gammo,
haƙarƙari suka nutse ɗaya bayan ɗaya.
Igiya ta matsa yatsa uku, sannan biyar.
Na rubuta da gawayi a bangon rumbu,
ina ta nuna wa duk wanda ya shigo.

Larai ba ta kalli bangon ba.
Tana tsugune tana kwashe tuwo,
Sallau na gefe, wuya kamar sillen kara,
wandon bara ya tsaya masa a gwiwa.
Ta miƙa masa malmala, miya tsararo,
ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,
"Ga wani mai girma a gidan nan.
Shi ma karansa na biyan bashi."

Gawayin na hannuna.
Na juya na dubi turke, na dubi yaron
yana lashe yatsa yana dariya ga sa.

Washegari ban je wurin masu dusa ba tukuna.
Na fara tsayawa wurin mai wake,
na auno mudu, da busasshen kifi na ɗari biyar.
Da dare na ce, "Sallau, tashi ka jingina da bango."
Na ja layi daidai kansa,
kusa da lissafin sa.