Lamba Goma Sha Ɗaya

Da sassafe nake buɗe ɗakin,
kafin 'yan adaidaita su cika titin Gwarzo da hon,
kafin Dakta Asabe ta iso da jakar takardunta.
Warin dusar katako ke fara gaishe ni,
sai gurnanin firji, in an kwana da wuta.

Keji ashirin da huɗu.
Na ƙarshen layi, dab da taga,
nan nawa yake, lamba goma sha ɗaya,
dunƙule kamar curin fura,
teɓa ta haɗiye ƙafafunsa.

Na ɗauke shi a tafin hannu, na ɗora a sikeli.
Giram hamsin da takwas.
Tsaransa na keji na uku bai kai talatin ba,
yana can yana tsere da jelarsa.

Wata rana Dakta ta zana mini a bayan ambulan.
Ta ce kitse yana da ɗan aike
mai zuwa ƙwaƙwalwa ya ce, "An ƙoshi, a kau da kwano."
Tumbi ma da nasa,
mai dukan ƙofa yana kiran yunwa,
in ya gifta kuma sai ya zunguri wani ɗan ƙulli
da bai fi ƙwayar gero ba,
ya tayar da sinadarin girma daga barci.

A jikin sha ɗaya, mai shelar ƙoshi bai taɓa zuwa ba.
Ci yake, ci yake,
kamar mai zuba ruwa a kwando.
Sinadarin girma ya lafa a jininsa,
faɗi ya samu, tsawo ya ƙi.

Sai na tuna Yaya Sallau a Rijiyar Zaki.
Buhun Dawanau, haka yara ke kiransa.
A gidan suna yakan ce ya ci a gida,
ya jira dare ya raba,
ya buɗe tukunya a hankali kada murfi ya tona shi.
Shekara nawa muna cewa kwaɗayi ne,
har da ni, da dariyata mai ƙarfi.

Na tambayi Dakta, ko shi ma ɗan aikensa ne ya ɓata,
ko yana ta sallama ba a ji?
Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.
"Ɓera ba mutum ba ne, Ɗanjummai,
kada ka riga awo yanke hukunci.
Amma ba kowane ci ne son rai ba."

Jibi Laraba za a ɗebi jininsa.
Yau dai ya shinshina safar hannuna,
gashin bakinsa na rawa, yana neman abin da ba na da shi.
Na cika masa mazubi har baki,
na rubuta nauyinsa a layi na tara.

In na tashi aiki zan biya ta wajen Yaya.
Ban san me zan ce masa ba.
Wataƙila in zauna kawai
mu ci daga kwano ɗaya, da rana tsaka.