Lissafin Kwanaki

Ƙarfe biyun dare a Sheffield.
Na cire takalman asibiti, shayi ya huce,
fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana buɗe a gabana.
Suna, na cike. Ranar haihuwa, na sa
wadda hedimasta ya yanka mini, ɗaya ga Janairu;
Inna kuwa cewa take, ana girbin gero na zo.

Sai ga tambaya: cikin shekara biyar
kwana nawa ka yi a wajen ƙasar nan?
Na jawo fasfo, ina bin hatimai da yatsa
kamar mai bin sawun akuyar da ta tsinke igiya.

Kwana goma sha ɗaya, sunan ɗan Sallau.
Kwana ashirin da uku, Malumfashi.
Gurbin dalilin tafiya bai fi faɗin farce ba,
ta ina zan cusa Baba a ciki?
An kai shi makwanci da hantsi,
jirgina ya sauka Kano da la'asar.
Na tarar da tabarmi a ƙofar gida,
da tabaransa a kan rediyo, ƙafa ɗaya ɗaure da zare.
Na rubuta: ziyarar dangi.

Ana son shaidu biyu da suka san ni.
Likita Hargreaves ta sa hannu da fara'a,
shekara shida ba ta taɓa kiran sunana daidai ba.
Wadda ta san ni tun ina rarrafe
gidanta ba lamba, dangwale take yi.

Sarakunansu na haddace su tsaf, na ci jarrabawa.
'Yata Kyauta ce ta riƙa yi mini bita,
tana dariyar yadda nake tauna sunayen.
Da ta tambaye ni sunan kakan kakana
sai na tashi duba tukunya.

Ban raina ƙasar nan ba, Allah ya sani.
Ruwanta na sha, a nan gemuna ya yi furfura.
Abin da ke cina daban ne:
ran sadakar bakwai, a gaban Inna,
bakina ya suɓuce na ce, "In na koma gida..."
Ta ɗago, ta dube ni,
ta ci gaba da tsince wakenta.

Jimilla, kwana talatin da huɗu.
Na danna, fom ya tafi.
Motar shara ta shigo layinmu,
ban fitar da kwandona ba.