Kaye Mai Baki Biyu

Kayen ƴan lakwal ne, mai shuɗin bango,
dala arba'in na saye shi a kasuwar Tawa.
Ta gaba na buɗe shi don bashi:
wane, tiya biyu ta gero,
wance, sabulu da ashana, sai wata ya mutu.

Ran wata Lahadi, bayan an tashi sujada,
Fasto Nomau ya tsai da ni a gindin bedi.
Ya ce, "Arzika, abin da mutane suka ci naka yana rubuce.
Wanda ka ci na Ubangiji fa, ina ka sa shi?"
Na yi dariya.
Dariyar ba ta raka ni gida ba.

Da dare na juya kayen, ƙafa sama, kai ƙasa,
na soma ta baya.
Bik ɗin ma sai da ya yi gardama,
na hura masa iska, na goga shi a tafin hannu,
kana ya yarda ya ce:
Yau na tauye mudu. Ka gani.

Tun daga nan, in na ja ƙofar shago,
ko da kuran ko babu,
sai in hau buhun shinkafa
in ba Yesu labarin yinin da ya riga ni sani.
Wata rana shafi guda.
Wata rana "na gaji", shi ke nan.
Akwai inda kwanan wata ya yi tsalle
daga Maris sai Yuni:
bazara ta shiga ƙirjina, na ƙafe kamar tabki.
Ban cike giɓin ba. Shi ma shaida ne.

Ga daren da zazzaɓi ya kwantar da Lidiya,
rubutun duk sawun kaza.
Na roƙa, na yi ciniki, na jera alkawura.
Shafi huɗu gaba ta tashi ta nemi kunu,
ni kuwa abin da na rubuta ran nan:
kuɗin sukari ya hau.
Godiya ba ta samu layi ba.
Sai bana na gani, kunya ta kama ni,
na cusa ta a gefe da jan bik, ƙanana-ƙanana.

Ga roƙon da na shekara biyu ina nanatawa,
a ba ni shago a bakin tasha.
Ba a ba ni ba.
Ban san dalili ba, ban kuma ƙago masa dalili ba.

Jiya bashi da addu'a suka yi kiciɓis a tsakiya,
inda ƙarfe biyu ke riƙe da takardu.
A hagu: Tankari, jikka tara da rabi,
tun damanar bara waccan,
layi biyu ƙarƙashin sunansa,
sallamarsa ma na daina amsawa.
A dama, a kife, da hannun nan nawa:
Ka gafarta mini, kamar jiya, kamar shekaranjiya.
In na rufe kayen
goshinsu na taɓa juna.

Rifkatu ta leƙo da fitila.
"Me kake karantawa a kife haka?"
Na ce, "Ban san wanne ne a kife ba."

Ban soke sunan ba tukuna.
A nan gaskiya ake rubutawa,
jikka tara kuwa ba ƙaiƙayi ba ce.
Amma da safe, da ya zo wucewa da amalanken jakinsa
yana kau da kai kamar kullum,
ni na fara ce masa ina kwana.
Jakin ya tsaya kafin shi.

Da hantsi na koma wurin mai takardu.
Ya ce, "Biyu za ka ɗauka? Bashi daban, ibada daban?"
Na daɗe ina juya kuɗin a aljihu.
Na ce, "Ba ni ɗaya."