Sukuru na Biyar

A Lodz, dusar ƙanƙara na lasar taga,
Jadwiga ta kife rediyon marigayi babanta.
Sukuru huɗu sun fita ba gardama.
Na biyar ya ƙi.

Kansa ba tsaga ba, ba gicciye ba,
tauraro ne mai kusurwa shida,
da ɗan tsinke tsaye a cibiya.

Wuƙar bota ta lanƙwashe.
Tsoho Bogumil ya zazzage gwangwanin shayi,
bakunan sukudireba suka watse a benci kamar haƙora.
Ya tsinto mai rami a tsaka:
"Mai taurin kai ne, sai ɗan'uwansa."

Juyi uku, murfi ya ɗaga.
Ƙura, gawar gizo-gizo,
da rubutun babanta da fensir:
"Na gyara, Maris. Saura waya ja."