Koya wa Magini Tambaya

Ɗaya saura na dare a Barnawa,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da baƙin allo,
da ɗan ɗigon nan fari mai ƙifta ido
kamar yaron da aka aika yana jiran canji.

Magini muke ce masa a ofis.
Shi ke kwashe layukan da muka wuni muna rubutawa,
ya jera su tubali kan tubali
har manhaja ta miƙe tsaye.
Gwani ne, ban musa ba.
Tambaya ce bai iya ba.

Ba sallama, ba ina gajiya.
Kalma biyu da Turanci,
sai ya harɗe hannu.

Ranar Laraba Kazah ta zauna gabansa,
satinta uku da kama aiki.
Ya ce mata: a share?
Bai ce mene ba, bai ce na wane ba.
Yatsanta ya faɗa kan babban maɓalli don sabo,
shi kuwa ya ɗauki shirunta a matsayin e.
Lissafin wata huɗu
na wani kantin magani a Kasuwar Barci
ya tafi, kamar an zuba shi a kogi daga kan gada.
Ta fita baranda, ta daɗe tana ƙirga motocin Kakuri.
Oga Sallau ya ce laifinta ne.
Ni na ce laifin tambayar ne.

Shi ya sa nake nan, shayi ya huce,
na buɗe cikinsa ina laluben harshensa.
Ga shi, ɗan guntu ne mai aiki ɗaya:
miƙa tambaya, karɓo amsa.
Na zare shi a hankali kamar ƙaya,
na dasa nawa.

Na ce: Magini, daga yau
in za ka share, kira abin da sunansa,
faɗi yawansa, faɗi mai shi.
In an yi maka shiru, a'a ke nan.
Na san shiru ma magana ce,
amma ba kai ne tafintanta ba.

In ka nemi kalmar sirri, kau da kai,
kar ka shanya ta a allo.
Ofishinmu ɗaki ɗaya ne, ido goma sha huɗu.
In an ba ka amsar da ba ta cikin zaɓi,
kar ka watsa wa mutum jan rubutu shafi guda.
Sake tambaya, har sau uku,
sannan ka koma.

Akwai kuma aikin dare,
lokacin da yake gini shi kaɗai, kujera ba kowa.
An yi daren da ya tsaya tun goma har asuba
yana jiran amsa,
mai sallama a gidan da aka tashi.
Wallahi sai da ya ba ni tausayi.
Na rubuta masa amsoshi a ɗan fayil,
na ajiye inda zai gani,
yadda Inna ke rufe min tuwo in zan yi dare.

Na gwada, ya faɗi.
Waƙafi na manta.
Na sake, batir na saura tara,
sauro na karatu a kunnena.

Da safe ban ce wa kowa komai ba.
Kazah ta ja kujera, kafaɗunta a ɗage.
Ya ce: Sannu da aiki.
Fayil ɗari huɗu da sha biyu ne, na kantin Barau.
In kin tabbata a share, rubuta sunan kantin.

Ta karanta sau biyu.
Ta janye hannunta, ta ɗora a cinya.
Na jira godiya, ba zan ɓoye ba.

Sai ta nuna allon da biro:
ɗ ɗin nan taka ba ta fito ba,
akwati ne ya fito a gurbinta.

Na duba. Haka ne.
Na koya masa ladabi, ban koya masa ƙugiya ba.
Na aika a sayo man janareto.